Kafin ka saida gona ka taho Maradi, zauna mu yi lissafi

Satin da ya wuce ɗan ƙanen babana ya kira ni daga ƙauye da dare, bayan gaisuwa sai yace yaya ni fa na gaji, zan saida gamanata in sai moto in taho Maradi in shiga kabu-kabu, me ka gani? Wallahi daren nan ban yi barcin kirki ba, saboda irin wannan maganar na taɓa jinta a gidanmu kuma na ga inda ta kaimu. Ni kaina ɗan ƙauye ne daga wajen Agye, na shigo Maradi da ranin 2006 bayan yunwar 2005 ta sha mu, na koyi walda, yau Alhamdulillah ina da ɗan shagona da yara masu koyo. Dan haka ba zan ce ma kowa kar ya zo birni ba, ni ma zuwa nayi. Amma zuwa iri biyu ne, akwai wanda zai ɗaga ka akwai wanda zai maida ka baƙo a birni kuma baƙo a garinku. Abinda na gaya mashi shi ne zan rubuta nan dan duk mai irin wannan niyya ya amfana.

Ɗauko kaye da biro tukuna

Abu na farko, kar ka yi lissafi da abinda zaka samu, fara da abinda zaka kashe. Mu 'yan ƙauye abinda ke ruɗinmu shi ne mun ga wane ya dawo da sallah da sabuwar shadda da waya babba, bamu ga wata goma sha ɗayan da ya yi yana kwana a bakin shago ba. To ka raba takardar biyu. Gefe guda rubuta duk abinda kake samu a ƙauye ba tare da ka fidda dala ba: ɗakin kwana, ruwan rijiya, itacen girki, kara, hatsin rumbu, ganyen miya, kuka, yakuwa, nonon akuya, har da wanda zai riƙe maka yaro in matarka ta tafi unguwa. Ɗaya gefen kuma ka kira wani naka da ke zaune Maradi, ba wanda zai yi maka burga ba, mai gaskiya, ka tambaye shi nawa kowane ɗaya yake a nan. Haya nawa, kuma mai gida wata nawa yake so a bashi abansi kafin ya bada makulli. Ruwa nawa 'yan garuwa ke saida jarka in gidan ba famfo. Faktir ɗin wuta nawa in kontar guda kuke rabawa da gida huɗu. Gawayi ko gaz. Kuɗin kabu-kabu zuwa wurin aiki da dawowa.

Sai kuma babban, wato ci. Nan nake so ka daɗe. Gida mai mutum shida, wanda ake fura da rana tuwo da dare, ba wuya ya ci tiya guda ta hatsi a yini. Tiya 30 kenan a wata. Buhu babba tiya 40 ne, kaga shekara tana cin buhu 9 ko kusa da haka. A ƙauye wannan daga rumbu yake fita baka ji a aljihu, a birni kullum safiya sai ka lalubo kuɗinshi, kuma farashin tiya da kaka daban da na watan bakwai da na takwas lokacin da rumbuna sunka ƙare, wani lokaci sai ya ninka. Ka yi lissafin da farashin damana ba na kaka ba. In ka tara duka sai ka dubi abinda ɗan kabu-kabu ko lebura ke samu a ranar da kasuwa bata yi ba, ba ranar jajibirin sallah ba, ka cire isansi ka cire na mai moto, ka ga abinda ya rage. Dan ka samu ma'auni, albashi mafi ƙanƙanta da doka ta sa a Nijar tun 2024 jikka 42 ne a wata, kuma da yawa cikin masu aikin hannu a garin nan ko shi basa kaiwa kowane wata.

Amma fa in zaka yi adalci sai ka rubuta abinda birni ke badawa wanda ƙauye baya badawa, dan yana da yawa kuma ba ƙarami bane. Ba zan manta daren da matar wana ta kama naƙuda ba, haihuwa ta gardama, ungozoma tace a tafi. Amalanken shanu munka ɗaura, an shimfiɗa tabarma da bargo, ni ke riƙe da tocila gaba ina haska hanya, yashi yana kama ƙafar amalanke, inna tana zaune kusa da kanta tana ta addu'a tana shafa mata ruwa a fuska. Sai da assalatu munka isa inda ake da likita. Allah ya raya ta, yaron bai zo da rai ba. A Maradi da minti goma ne adaidaita zata kai ta asibitin uwa da yaro. Wanda bai taɓa wannan tafiyar ba shi ke cewa zaman ƙauye duk daɗi ne. Ga lakwal har zuwa Jami'ar Dan Dikko Dankulodo ba sai yaro ya bar gida ba, ga famfo, ga injin niƙa a kowane lungu wanda zai hutar da matarka daka da jan guga. Duk ka rubuta su. Abinda nake so ka gane shi ne kana iya samun rabon waɗannan ba tare da ka yanke jijiyarka ta ƙauye ba, Bahaushe yace gida biyu maganin gobara.

Zo da rani, zo kai kaɗai, ka gwada

Iyayenmu da sunka ƙirƙiro cin rani ba wawaye bane. In an gama girbi an ɗaure damma an zuba rumbu, wajen watan 11, sai ka taho, ka bar iyali da abincinsu, ka yi wata biyar ko shida, kafin ruwan shuka ka koma. Ka yi haka rani biyu ko uku kafin ma ka fara tunanin ɗauko mata da ɗiya. Rani na farko zaka san gari, na biyu zaka san mutane, na uku ne zaka san ko sana'ar tana iya riƙe gida.

Ka taho da takardunka, takardar haihuwa da katin ɗan ƙasa, in babu ka nema tun a komin ɗinku dan nan sun fi wuyar samu in ba nan aka haife ka ba. Ka sauka wurin 'yan garinku, kusan kowane ƙauye yana da wani dattijo ko wani shago da mutanenshi ke taruwa, shi zai tsaya maka wurin mai gida ko wurin maigidan sana'a, dan a garin nan ba mai ba baƙo amana sai da wanda ya san shi.

Batun sana'a kuma, shawarata ka koyi abinda hannu ke yi wanda ba a iya sace maka shi: gini, walda, kafinta, ɗinki, gyaran moto, gyaran waya, haɗa pano na hasken rana da batir, aikin famfo. Shekarar farko ta koyo akwai wuya, kuɗin abinci kawai ake baka wani lokaci ma sai ka haɗa da dako da yamma, amma in ka iya ka iya har abada, kuma duk waɗannan sana'o'in ana bukatarsu a ƙauye yanzu, zan dawo kan wannan.

In kuma ka dage sai kabu-kabu, to dan Allah kar ka saya da kuɗinka da farko. Karɓi na wani kana kai mashi balas kullum, ka yi wata uku kana rubuta komai a kaye, isansi, baƙin mai, faci, sarƙa, takardu, ranar da zazzaɓi ya kwantar da kai. Masu moto sun yi yawa a gari, ga adaidaita ta zo ta ɗauke mata da masu kaya. Bayan wata uku kayen nan zai gaya maka gaskiyar da ba wanda zai gaya maka.

Wani abu da ya kamata ka sani game da Maradi, arzikinta a ɗaure yake da iyaka. Hanyar Ɗan Isa zuwa Jibiya zuwa Katsina ita ce maƙogwaron garin nan. Da Najeriya ta rufe iyaka a watan 8 na 2019 har zuwa ƙarshen 2020 mun ga yadda 'yan dako da direbobi da masu abinci a tasha sunka zauna ba aiki. Haka bayan juyin mulkin watan 7 na 2023 da aka sa takunkumi, iyaka a rufe, wutar da ke zuwa daga Najeriya an yanke, ni mai walda sai in yini ina kallon injina ba kuran. A watannin nan abinda ya riƙe gidana buhunan hatsi da wake ne da ke zuwa daga gonarmu bisa motar kasuwa. Maƙwabcina da bashi da ko taki guda na gona sai da ya saida firjinshi da keken ɗinkin matarshi. Ana ta maganar jirgin ƙasa daga Kano zuwa Maradi wanda aka aza tubalinshi a 2021, Allah ya sa mu gani da idonmu, amma kar ka saida abinda ke hannunka saboda shi.

Gonar nan, kar ka saida ta

Nan ne zuciyar maganar. A ƙidayar 2012 jihar Maradi tana da mutum sama da miliyan 3 da dubu 400, birnin kanshi ya tashi daga wajen dubu 148 a 2001 zuwa dubu 267 a 2012, yanzu kuwa kowa na ganin inda gine-gine sunka kai ta hanyar Tibiri da ta Ɗan Isa. Mutane na ƙaruwa, ƙasa bata ƙaruwa. Gandun da kakanmu ya noma shi kaɗai yau an raba shi tsakanin jikoki fiye da ashirin, a kudancin jiha akwai gidajen da mata sunka rasa gamana gaba ɗaya saboda ba ta isa maza ma. To wa ke sayen gonakin da ake saidawa? Alhazan birni da manyan ma'aikata. Ka tambayi kanka, mutumin da ya fi ka sanin kuɗi mi yasa yake fidda kuɗinshi daga birni yana kaiwa ƙauyenku, kai kuma kana fidda ƙasarka kana kawowa birni?

Wana, wanda nace matarshi ta sha wuyar haihuwa, bayan abin nan zuciyarshi ta fita daga ƙauye, kuma ban ga laifinshi ba. Ya saida gonarshi ta gado ya sai moto sabo ya kama haya. Shekara guda da rabi komai na tafiya, ranar nan ya shiga masallaci sallar magariba ya fito ba moto. Shi kenan. Ya yi dako, ya yi gadi, haya ta taru, ya kwashe iyali ya koma gida. Damanar da ta biyo na je ƙauye na same shi da hauya a cikin wannan gonar dai, gonar babanmu, yana ƙwadago ana biyanshi na yini. Ya ɗago ya gan ni ya maida kai ƙasa, ni ma ban iya cewa komai ba, gawon da muke hutawa ƙarƙashinshi muna yara yana nan tsaye inda yake. Moto ana sacewa, yana tsufa, injin yana bugawa. Gona kuwa ko shekara ta ƙi, tana nan tana jiran ta gaba.

To in kana bukatar kuɗi ko ba zaka samu nomawa ba, ga hanyoyi. Ka ba ɗan uwa aro ya noma ku raba amfani. Ko ka bada haya ta damana guda ko biyu a biya ka. Jingina ita ce ta ƙarshe kuma ina jin tsoronta, dan mutum ya karɓi kuɗi yace baɗi zan fansa, baɗi ta zama shekara goma, shaidu sun mutu, ɗiyan wanda ya karɓa su ce babanmu saye ya yi. Ko wace ka zaɓa a rubuta. Tun dokar karkara ta 1993 akwai komisiyon kula da filaye, wanda muke ce ma kofo, daga matakin ƙauye inda maigari ke shugabanta har komin da departama, suna bada takardar shaidar gado, ta saye, ta aro, ta haya da ta jingina. Je ka da shaidu da maƙwabtan gona ta kowane gefe, a zagaya iyaka da ƙafa, a rubuta shekara nawa da kuɗi nawa, ka riƙe kofi guda ka ɗauki hotonta a waya. Kar kunya ta hana ka dan wai ɗan uwa ne, rigimar gona mafi muni tsakanin 'yan uwa take. Kuma ka dasa gamba ko itace a kan iyaka dan kar a riƙa cin ta kunya guda kunya guda duk shekara.

Wanda gonarshi ke bakin gari kuma lotisma ta iso, akan ba mai gona wani kaso na filayen da aka yanka. Dillalai zasu zo maka tun takarda bata fito ba da kuɗi a leda. Kar ka saida duka, riƙe ko guda biyu, kuma in ka saida wani ka maida kuɗin cikin wata gona can ciki kafin biki da hidima su cinye su.

Yadda gona zata riƙa aiki kana birni

Barin gona ba a saida ba bai isa ba, sai tana bada abu. Na farko itace. Sassaben zamani da ake ta magana a duniya nan jiharmu ya fara, a 1983 wani mutumin Ostareliya mai suna Tony Rinaudo da ke aiki nan Maradi ya lura cewa kututturan da muke sassabewa duk shekara suna da rai a ƙasa, manoma sunka karɓa sunka yaɗa, yau ana maganar kadada wajen miliyan 5 da sunka sake yin itace a Nijar, ƙauyuka irin su Dan Saga sun yi suna a kai. Yinshi ba kuɗi. Lokacin sassabe in ka zo kan kututturen gawo, kalgo, sabara, aduwa ko magariya da ya yi toho, kar ka share duka, zaɓi rassa biyu zuwa biyar masu ƙarfi da sunka miƙe, yanke sauran da wuƙa mai kaifi daga ƙasa zuwa sama dan kar ɓawo ya yage, ka sassabe ƙananan rassan gefe har rabin tsawo, ka ɗaura tsumma ja dan mai neman itace ya san da mai shi. Duk shekara ka koma ka gyara. Gawo ya fi duka dan da damana yake zubda ganye baya yi ma hatsi inuwa, da rani dabbobi na kwana ƙarƙashinshi suna cin 'ya'yan suna bar maka taki. Ka duba hatsin da ke gindin gawo ka kwatanta da na fili zaka gani da idonka. Wannan aikin kafin ka taho cin rani ko da ka koma kake yinshi, sati guda ya isa.

Na biyu, kuɗin da zaka aika gida ka san lokacinsu. Da yawanmu muna tura kuɗi ta Nita ko Amana duk sanda aka kira, suna, biki, ashana, amma in watan 4 da na 5 sunka zo, lokacin da ya kamata a sai iri da taki a kai takin gida gona, sai aljihu ba komai. Ware na gona daban tun watan farko kar ka taɓa. Nemi iri mai saurin nuna irin HKP na hatsi, wanda masu binciken cibiyar noma ta INRAN da ke Tarna nan kusa da mu sunka daɗe suna yaɗawa, dan damana yanzu bata da tabbas. Takin zamani in ba ka da na watsawa ka yi ɗan tsunkule, yatsa uku a kowane rami tare da takin dabba, kaɗan ne amma yana aiki. Inda ƙasa ta yi fako a haƙa ramukan tassa ko na rabin wata su tare ruwa. Wanda ke kwasar bolar birni ya kai gona kuma dan Allah a tsince leda da batir da kwalba tukuna, leda na kashe ƙasa tana kashe awaki.

Na uku, ajiya, nan ne aikinka na birni zai fi yi maka rana. Abinda ke karya manomi shi ne dole ya saida da kaka lokacin da kowa ke saidawa, ya dawo ya saya da tsada da damana. Kai da ke da ɗan abin shiga a birni kana iya haƙuri. Wake, aya, riɗi, gujiya, riƙe su wata huɗu ko biyar. Wake ka zuba a buhun nan mai riɓi uku da ake ce ma PICS, ba sai da magani ba: ka tabbata ya bushe ƙwarai, ka duba ledojin ciki biyu ba huda, zuba, matse iska ta fita, ɗaure ta farko daban, ta biyu daban, sannan buhun waje, ka aza bisa katako nesa da bango saboda ɓera, kar ka riƙa buɗewa. Ƙwaro na mutuwa da kanshi dan ba iska. In a garinku akwai ƙungiyar manoma mai warantaji, inda ake ajiye amfani a magaza a baka bashi a kai sai farashi ya tashi a saida, shiga.

Sauran kuma akuya. Jar akuyar Maradi ba banza ta yi suna ba, tana yawan haihuwar tagwaye. Sai ma matarka ko innarka biyu, ita ce bankinku. Kuma ka bar matarka ta shiga asusun Mata Masu Dubara, wanda shi ma a jihar nan ya fara a 1991, kar ka hana.

In har ka ɗauko iyali

To a ce rani uku sun wuce sana'a ta kama, kana son ɗiya su yi karatu nan. Ɗaki ka neme shi da damana ko ka tambayi maƙwabta yadda unguwar take da damana. Tsohuwar Maradi a cikin kwarin gulbi take, ambaliyar 1945 ce ta sa aka hau da gari bisa tudu, kuma damanar 2024 ta tuna mana da wannan, gidajen laka da yawa sun faɗi an rasa rayuka. Duba gindin bango ko akwai alamar inda ruwa ya taɓa kaiwa, duba ko gidan ya fi titi ƙasa, duba rufi, duba masai ko ya kusa cika da mutum nawa ke shiga. Ɗaki mai arha a hanyar ruwa ba arha bane. Maganar kontar wuta da famfo ku yi ta a gaban shaida tun ranar farko, yadda ake rabawa, dan ita ke haɗa maƙwabta faɗa.

In Allah ya hore maka sayen fili, kar ka biya sai ka ɗauki takardar ka je meri an duba lambarta da sunan da ke kai, ka je wurin da ƙafarka ka ga bornoninshi, ka tambayi masu gini kusa. Fili guda a saida ma mutum biyu ba sabon abu bane.

Yara a sa su lakwal da makarantar allo, a yi masu rigakafi, gidan sauro kowane dare musamman daga watan 8 zuwa na 10 da zazzaɓin cizon sauro ke kwantar da yara. Tun 2006 doka ta ce duba yara 'yan ƙasa da shekara 5 kyauta ne, amma ka ajiye ɗan wani abu dan sau da yawa sai an rubuta maka odonansi ka saya a farmasi. Yarinya kuma kar talla ta cinye mata yini a tasha, wannan ina roƙonka.

Matarka ka tuna a ƙauye tana cikin dangi, nan ka kulle ta a ɗaki guda bata san kowa ba. Ka bata jari ko kaɗan ne, ƙuli-ƙuli da man gujiya, awara, ƙosai, dambun zogale, gujiyar ma daga gonarku zata zo. Kuma da damana in lakwal ta tashi ku koma gida gaba ɗaya ku yi noma, ɗiya su san gonar ubansu da iyakarta da danginsu.

Ba Maradi kaɗai bace birni

Mutane na mantawa da wannan. Tasawa, Agye, Gazawa, Cadawa, Mayahi, Dakoro, Gidan Runji, Madarumfa, duk suna da kasuwa da asibiti da kolej, haya da sauƙi, kuma kana iya kwana can da safe kana gonarka bisa moto. Sana'ar da ka koya nan inda masu ita sunka yi yawa, can kai ne gwani. Wani yaro da ya koyi walda a hannuna ya koma garinsu da ɗan janareto, yana gyaran amalanke da garma da ƙofofi, ranar kasuwa baya samun zama, kuma bai bar noma ba. Wani pano biyu ya kai ƙauye yana cajin waya yana saida ruwan sanyi. Wanda ke kusa da gulbi ko Jiratawa ko tabkin Madarumfa ga noman rani, zogale, tumatir, albasa, tattasai, kasuwarsu tana nan Maradi kullum.

Na san akwai 'yan uwanmu na ƙauyukan bakin iyaka, wajen Madarumfa da Gidan Runji, da ba lissafi ya taso su ba, ɓarayin shanu da masu satar mutane ne sunka hana su barci. Wannan ba a ce mashi ya zauna, rai ya fi komai, Allah ya kawo mana ƙarshen abin. Amma ko shi ina roƙo kar ya saida gona cikin firgici dan lokacin ne ake saye da arha, ya yi takarda wurin maigari ya bar ta hannun wanda ya rage.

Shi kuwa ƙanen nawa mun yi waya ta fi awa guda. Yace to yaya in na zo ina zan kwana, nace shagona akwai tabarma akwai bargo. Mun tsaya a kan zai gama girbi, ya zuba wakenshi a buhu uku ya ɗaure, ya je da baffanmu wurin maigari a rubuta takardar gamanar da sunanshi, ya gyara tohon gawon da ke ciki, sannan ya hau motar kasuwa ya taho. Yace shi gyaran pano yake so ba walda ba, na riga na yi ma wani abokina mai wannan aikin magana yace ya zo ranar Asabar ta farkon watan 12.